Idon Hukuma da Inuwar Fada: Tarihin Ƴancin Addini a Ƙasar Nijar

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Sarautar da Allah ya ja zamaninta har ta cika shekara ɗari ta ga tutoci sun hau sun sauka, ta ga komandan ya tafi gwamna ya zo, ta ga mulkin soja ta ga na farar hula. Cikin duk waɗannan sauye-sauye akwai abu guda da bai taɓa gushewa ba: kowace hukuma da ta riƙi ƙasar nan ta sa ido bisa sha'anin addini. Wata ta sa ido don tsoro, wata don ta riƙe linzami, wata kuma ta ce don ta kare haƙƙin kowa na yin ibada yadda ya yarda. Abin tambaya shi ne, wane irin sa ido ne ya tsare mai rauni, wane ne kuma ya bar shi cikin rana? Tarihin Damagaram da na Katsinar Maraɗi da na Gobir yana da abin faɗi bisa wannan.

Kafin zuwan Nasara

Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekara ta 1807, gidan sarautarsa na asali ya yi gudun hijira zuwa arewa. Wajen shekara ta 1819 mutanen gulbin Maraɗi, waɗanda akasarinsu anna ne masu bin al'adun kakanni, suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka buɗe wa Ɗan Kasawa hanya ya kafa gadonsa. Haka kuma bayan yaƙin Gawakuke na shekara ta 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi. Sarakunan nan Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai da malaman fada, amma sun san da ƙarfin wa suka tsaya da ƙafafunsu. Don haka fada ta ba kowa wurin zama. A Maraɗi akwai Iya, a Gobir akwai Inna, dukansu mata ne daga gidan sarauta, kuma su ne ke shugabantar ƴan bori. Liman yana da ranarsa, masu al'adun noma da farauta suna da tasu.

A Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a shekara ta 1884, birnin ya zama mahaɗar fatake. Larabawan Gadamas da na Tarabulus, da Buzayen Abzin, da Barebari, da almajiran ɗariƙu dabam-dabam har da Sanusiyya, duk sun zauna a Birni da Zango a ƙarƙashin inuwa guda.

Ba za a ce wannan shi ne ƴancin addini irin wanda dokokin yau suke nufi ba. Babu daidaito tsakanin talaka da basarake, akwai bauta, akwai hari da ganima. Abin da ke akwai shi ne amana: wanda ya yi mubaya'a ya biya haraji, ko baƙon da ya sauka da izini, ya shiga hannun sarki, kuma taɓa shi taɓa sarki ne. Wannan ƙa'ida ita ce jarin da sarautun gargajiya suka shigo da shi cikin sabon zamani.

Idon tsoro

Faransawa sun ci Damagaram a shekara ta 1899. A ƙasarsu sun kafa dokar raba gwamnati da coci a watan Disamba na shekara ta 1905, amma a ƙasashen da suka mallaka ba su sakar wa addini mara ba, domin abin da suka gani ya firgita su. A ƙarshen 1905 da farkon 1906 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya ja ragamar tawaye a Kobkitanda cikin ƙasar Doso. Da aka fatattake shi sai ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda Ingilishi suka rushe garin ƙurmus a watan Maris na 1906. A cikin shekarar nan ce kuma aka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa da ƙulla makirci, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa tare da wasu manyan gari, aka ɗora Ballama, wani bafade, ya riƙe ƙasa. Sai a shekara ta 1923 gadon ya koma gidansa, da naɗin Barma Mustafa. Masana tarihi da dama na ganin zargin nan ya fi kama da tsegumi da tsoro bisa ga hujja.

Daga wannan lokaci sa ido ya zama aikin ofis. A Dakar, fadar gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa, aka buɗe sashe na musamman mai kula da al'amuran Musulmi, inda wani jami'i mai suna Pol Marti ya shahara da rubuce-rubuce bisa malamai da ɗariƙu. Kowane komandan ya riƙa cika takarda bisa kowane malami mai suna a ƙasarsa: asalinsa, wurin da ya yi karatu, ɗariƙarsa, yawan almajiransa, da ko yana da haɗari ga mulki. A shekara ta 1911 Gwamna Janar Wiliyam Ponti ya hana amfani da Larabci cikin hukunce-hukuncen kotuna da takardun mulki. Mai niyyar aikin hajji sai ya nemi izini, malami mai yawon wa'azi ko karɓar sadaka sai ya nuna takarda. Da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ramuwar gayyar da ta biyo baya ta ci rayukan malaman garin da dama.

A nan sarakuna suka sami kansu tsakanin wuta biyu. Bariki tana son su zama idonta da kunnenta, su kawo labarin duk baƙon malamin da ya sauka. Talakawa kuma suna son su zama garkuwa. Wasu sun kai rahoto don su tsira da rawaninsu, wasu sun rufa wa malamansu asiri, da yawa kuma sun yi duka biyun gwargwadon yadda rana ta ba su. Gaskiyar tarihi ta ƙunshi wannan da wancan.

Abin lura shi ne idon bariki bai tsaya bisa Musulmi kaɗai ba. Ƴan mishan na SIM, waɗanda akasarinsu masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada, sun sauka Damagaram a wajen 1924, suka zauna Tsibiri a 1927, daga baya suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kutare a Danja. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, suna yi musu kallon ƴan leƙen asirin Ingila, musamman a zamanin gwamnatin Bishi cikin yaƙin duniya na biyu. Wata doka ta 1922 ta riga ta ɗaure makarantun mishan da sharaɗin koyarwa cikin Faransanci. Cocin Katolika ma sai a 1931 ta kafu a Yamai. A aikace, filin da baƙin nan suka gina gida da ɗakin magani a kansa cikin ƙasar sarki yake, kuma zaman lafiyar ƴan tsirarun da suka bi su ya rataya ne bisa haƙurin fada da na maƙwabta.

Linzami guda a hannun gwamnati

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma kundin tsarin mulkin shekarar ya ɗauki tsarin Faransa na gwamnatin da ba ta ƙarƙashin wani addini. Amma al'adar sa ido ba ta bi Nasara gida ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya sa aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda Alfa Umaru Isma'il ya daɗe yana shugabanta. Ita kaɗai ce gwamnati ta yarda ta yi magana da sunan Musulmi. Rassanta sun kai har ƙananan hukumomi, ta hannunta ake tantance masu wa'azi, kuma ta zauna kafaɗa da kafaɗa da samariya da sarakuna cikin tsarin raya ƙasa na wancan zamani. Rikicin Maitatsine da ya ɓarke a Kano a watan Disamba 1980 ya ƙara wa magabata ƙaimi wajen lura da duk abin da ke ƙetaro iyaka.

Wannan tsari ya kawo kwanciyar hankali, amma irin ta tukunyar da aka danne murfinta. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta riƙa shigowa Maraɗi ta hanyar fatake da kaset-kaset, ba tare da takardar kowa ba. Gwamnati tana ganin shiru a bisa takarda, alhali muhawara tana tafasa cikin zaure da kasuwa.

Ƙofa ta buɗe

Babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya ɗage murfin. Ƙungiyoyin addini suka yi ta fitowa, na ɗariƙa da na Izala, na mata da na matasa, majami'u ma suka ƙaru. Wajen rubuta kundin tsarin mulki na Disamba 1992 aka yi ta kai ruwa rana bisa kalmar nan ta Faransanci, layisite, wadda malamai da yawa suka fassara da rashin addini. Daga ƙarshe aka kauce mata, aka rubuta abin da ke nufin gwamnati ba mallakar wani addini ba ce. Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya tabbatar da raba sha'anin mulki da na addini, ya ce ƙasa tana girmama kowace aƙida tana kuma kare ta, ya hana kafa jam'iyya bisa addini, ya ba kowa ƴancin imani da ibada. Shi ne kuma ya amince da sarautar gargajiya a matsayin mai riƙe da ikon al'ada. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma tambayoyin da ya yi ƙoƙarin amsawa suna nan.

Rubutu dabam, aiki dabam. Sau uku aka jarraba alkawarin nan a ƙasar Hausa, kuma kowace jarrabawa ta bar darasi.

Ta farko a watan Nuwamba na shekara ta 2000, lokacin bikin nuna tufafin zamani na FIMA a Yamai. Zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe ta zama tarzoma a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi aka auka wa mashaya, da majami'a, da harabar ƴan mishan, aka kuma sa wa gidan Iya wuta. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa wutar da aka kunna don baƙo ba ta san bangon fada ba. Gwamnatin Tanja Mamadu ta rushe ƙungiyoyin addini da dama, sannan ta nemi sabuwar hanya: Majalisar Musulunci ta Nijar ta fara aiki a 2006, aka kuma buɗe ma'aikatar al'amuran addini a 2007. Daga baya aka haɗa al'amuran gargajiya da na addini a ƙarƙashin ministan cikin gida.

Ta biyu ita ce mafi muni. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, fushin zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya sauka bisa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram, kuma ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka fake a barikin soja. Duk ofisoshin sa ido suna nan a ranar, amma ba su hango abin ba. Mutane da yawa sun tsira ne saboda maƙwabta Musulmi da suka buɗe musu ƙofa suka ɓoye su.

Ta uku a watan Yuni 2019, sa'ad da gwamnati ta kai wa majalisar dokoki shirin dokar tsara ibada, mai magana bisa gina wuraren ibada, da wa'azi, da kuɗin da ke shigowa daga waje, da kafa majalisun addinai. Jita-jita ta riga dokar isa gari. Aka kama wani limami a Maraɗi bayan ya soki shirin cikin huɗuba, kuma cikin daren 15 ga wata aka ƙone wata majami'a a unguwar Zariya. Da aka sake shi ya yi kira ga jama'a su kwantar da hankali, ya bayyana cewa fassarar da aka kawo masa ba daidai ba ce. Majalisa ta amince da dokar ranar 17 ga Yuni. Darasin a fili yake: dokar da aka rubuta da Faransanci, ba a zauna an warware ta da harshen mutane a zauren sarki da gidajen rediyo ba, kowa zai karanta mata abin da yake tsoro.

Idon waje da muryar Nijar a waje

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 sha'anin nan ya daina zama na cikin gida kaɗai. Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya tanadi ƴancin addini, haka ma sashe na 8 na yarjejeniyar Afirka ta 1981. A 1986 Nijar ta shiga yarjejeniyar Afirkan da kuma ta duniya mai kare haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, wato ta yarda da bakinta a riƙa tambayar ta.

A watan Oktoba 1998 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa ma'aikatar harkokin wajenta fitar da rahoto kowace shekara bisa halin da ƴancin addini yake ciki a ƙasashen duniya, ta kuma tanadi jakada na musamman, da hukuma mai ba da shawara, da jerin ƙasashen da ake ɗauka abin damuwa na musamman. An sa Najeriya cikin jerin a Disamba 2020, aka cire ta a Nuwamba 2021, aka mai da ita a ƙarshen Oktoba 2025. Wannan shiga da fita ta sa masu lura da yawa ke cewa ma'aunin yana motsi da iskar siyasa. Duk da haka rahotannin suna da amfaninsu, domin suna ajiye abin da gida kan so a manta. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: rahoto yana zuwa ne bayan toka ta huce.

Nijar ma ba ta zauna a matsayin wadda ake kallo kawai ba. Tana cikin ƙasashen da suka halarci taron Rabat na 1969 wanda ya haifi Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Jami'ar Musulunci ta Sayi ta buɗe a 1986, kuma ɗan ƙasar nan, Hamid Algabid, ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar daga 1989 zuwa 1996. A taron ministocin harkokin waje da aka yi a Yamai a Nuwamba 2020 ne aka tsai da shawarar keɓe 15 ga Maris don yaƙi da ƙyamar Musulunci, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ranar a 2022. Wannan abin alfahari ne, amma yana ɗauke da nauyi. Ƙasar da fiye da kashi 98 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, in tana neman a mutunta Musulmi inda suke ƴan tsiraru, hujjarta mafi ƙarfi ita ce yadda take riƙon nata ƴan tsirarun.

Abin da ya rage wa fada

A shekarun baya-bayan nan babbar barazana ga mai ibada ba daga ofishin gwamnati ta fito ba. Ƴan bindiga masu iƙirarin addini sun auka wa Difa da Boso a Fabrairu 2015, sun sace wani fada na Katolika a Bomowanga a 2018, sun kuma kashe mutum 44 a masallacin Fambita cikin jihar Tilaberi ranar Juma'a 21 ga Maris 2025. Masallaci da majami'a sun zama abin hari guda. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro, babu mai ɗauke musu shi.

Amma akwai aikin da bindiga da takarda ba sa iyawa. Dokar 13 ga Janairu 2015 mai tsara matsayin sarautar gargajiya ta bar wa sarakuna ikon sasanta mutane, kuma mafi yawan rigingimun addini da ƙaramin abu suke farawa: filin masallaci, limancin Juma'a, lasifikar da ta dami maƙwabci, maƙabarta, auren da ya haɗa gida biyu masu aƙida dabam. Mai unguwa ne ke fara ji, hakimi ya ji, kafin labari ya kai ofis. In fada ta kira ɓangarorin tun hayaƙi bai zama wuta ba, ta saurari kowa, ba ta duba yawan mabiya ko nauyin aljihu ba, to ta yi abin da babu rahoton da zai yi.

Shekaru ɗari sun nuna cewa sa ido iri biyu ne. Akwai na mai tsoro, wanda ke ƙidaya malamai yana cika takardu, kuma shi ne ya tuɓe sarki a 1906 bisa zargi, bai kuwa hango tarzomar 2015 ba. Akwai kuma na makiyayi, wanda ya san garkensa ɗaya bayan ɗaya, ya fi kuma lura da raunanniya. Sarautar da ta riƙe na biyun ba za ta rasa wurin zama ba, ko wace irin tuta ce ke bisa sanda. Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba su ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.